KU TAMBAYI KAFINTA: Katakon saman bene ya ruɓe, ko na roba zai iya da ranar Jidda?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni dai a Jidda nake zaune, kuma a saman benenmu akwai wani dandamalin katako da maigidana ya sa aka yi mana shekara 9 kenan, mita 6 ne a 4, nan muke shan iska bayan magariba, nan muke buɗa baki da azumi, kai har walimar saukar autata a nan mata suka zauna. To yanzu katakon ya gama yawo, wani wajen in ka taka sai kaji yana lotsawa kamar burodi, ƙusoshi duk sun leƙo sun yi tsatsa, shekaranjiya ma sartse ya shige ƙafar jikata sai da muka sa allura muka ciro tana ta ihu. Babban ɗana yace shi zai biya a canza amma ba katako za'a mayar ba, wai akwai wani na roba da Larabawa ke ce ma badilul khashab, ba ruwanshi da ruwa ba ruwanshi da gara kuma ba'a masa fenti. Ya je shago biyu, ɗaya mai ramuka ne a ciki kamar bulo yana da araha, ɗayan kuma cikakke ne kuɗinshi ya kusa ninka na farko, kuma yaron ya nace sai kalar kofi mai duhu wai ita ce tafi kama da katakon gaske. Ni kuma tsorona roba da ranar garin nan, ko silifas aka manta a sama kwana biyu ka san yadda yake komawa. Wanne zamu ɗauka dan Allah? Kar muyi asarar kuɗin yaro.

Hajiya, daga Jidda

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ɗawainiya, a gaida jikar da jiki, Allah ya yi wa yaron nan albarka tunda ya tuna da wajen zaman mahaifiyarshi.

Tsoronki yana kan hanya, amma bari in fara da abin da baki tambaya ba. Kafin kowa ya sake komawa shago, a samu wani ƙarfe ko guduma a ɓalle katako biyu ko uku daga wajen da kikace yana lotsawa a leƙa ƙasa. Katako baya ruɓewa haka kawai a garin da sai a shafe watanni ba'a ga ɗigon ruwan sama ba, dole akwai ruwan da yake sha a ɓoye, kuma a gidajen da na shiga a Jidda kusan kullum mutum uku ne ɓarayin: tiyon mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka bari yana ɗiga, tankin ruwa da ke ambaliya in ya cika, ko magudanar ruwan saman da ƙura da ledoji suka toshe. Ga kuma raɓar garin nan da laimar teku, da asuba ki shafa gilashin mota kiji kamar an wanke ta. In ba'a kama ɓarawon nan ba, ko katakon zinare kika shimfiɗa a sama abin da ke ƙasa zai ci gaba da lalacewa, ke kuma baki gani. Kar ki manta katako ba shi da laifi a karan kanshi, ki je Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ki ɗaga kai ki kalli rawashin ɗin nan, wato tagogin katako na tsofaffin gidaje, Baitu Nasif tun 1881 aka gama shi, katako ne a jikinshi a bakin teku kuma yana nan, saboda an zaɓi mai kyau kuma iska na ratsa shi ta ko'ina.

To shi wannan badilul khashab ɗin menene? Dusar katako ce ake kwaɓawa da narkakkiyar roba, yawanci irin robar jarka da leda, a zuba kala da maganin rana a matso shi ta inji ya fito dogo kamar taliya sannan a yayyanka. A Amurka aka fara yayinshi a shekarun 1990, kamfanin Trex na cikin na farko farko kuma su da kansu suna cewa kashi 95 na kayan haɗinsu tsofaffin ledoji ne da ragowar katako. Abin dariyar ma ita irin wannan robar a nan ƙasar ake yinta jibgi guda, kamfanin SABIC na fitar da ita daga Jubail da Yanbu, amma allunan da zaki gani a shaguna yawancinsu daga Chaina jirgi ke kawo su.

Yaron ya raba miki su gida biyu, mai rami da cikakke, amma akwai rabon da yafi wannan muhimmanci wanda masu shago basa saurin faɗa sai an tambaya: mai riga da mara riga. Na farkon da aka fara yi tsirara yake, dusar katakon tana nan a fuskarshi, shi yasa yake shan mai yana shan ruwa kaɗan kaɗan, in miyar taushe ko man mandi ya zuba akai ba'a goge nan take ba to tabon ya zauna kenan, kuma a 'yan watannin farko kalar take kwashewa. Daga wajen 2010 ne aka fara yi masa riga, wato wata fatar roba zalla mai tauri da ake lulluɓe shi da ita tun a inji. Gane shi ba wuya, ki juya allon ki kalli bakin inda aka yanka, in mai riga ne zakiga wani siririn layi ya zagaye shi kalarshi daban da ta cikin, kamar ɓawon rake. In baki ga layin ba to duk rantsuwar da mai shago zaiyi ki ce masa shukran ki wuce. Gidan da ake cin abinci a ƙasa, ga jikoki ga shayi ga man girki, mai riga ne kawai zai yi muku.

Maganar rami kuma, ni dai cikakken nafi so a waje irin naku. Mai ramin baya da nauyi kuma yana da sauƙin kuɗi, amma bangonshi siriri ne, ƙafar kujerar ƙarfe ko tukunyar gas in ta faɗo tana iya fasa shi, ruwa da ƙura da kyankyasai kuma suna samun ɗaki kyauta a cikin ramukan in ba'a toshe bakin ba. In kuɗin ne bai kai ba, akwai mai ƙananan ramuka zagayayyu, yafi mai manyan ramuka masu kusurwa huɗu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ko kuma a rage faɗin wajen, mita 24 ɗin nan ba dole bane a rufe duka, a yi 16 da abu mai kyau sauran a sa tayil.

Yanzu mu zo kan kalar kofi, a nan ne zan ɓata wa ɗanki rai, ayi haƙuri. Hajiya kin sha yin ɗawafi da azahar ba takalmi ƙafarki bata ƙone ba, amma kina fitowa kika taka kwalta ko baƙin dutse sai kin yi rawar da baki shirya ba. Farin marmara ne a mataf, wato filin ɗawafin, daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka aka kawo shi, fari yana mayar da rana, baƙi yana haɗiye ta. Katakon roba kuwa dama yafi katakon gaske riƙe zafi, in aka haɗa masa da duhun kala a garin da zafi ya taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010, fuskar allon tana haura digiri 60 cikin sauƙi, wannan kuma ya isa ya tashi tafin ƙafar ƙaramin yaro. Bazai narke ba kamar yadda kike tsoro, amma bazai taku ba, kuma ko bayan la'asar yana daɗewa bai huce ba. Kar ki yi musu da yaron, kice ya karɓo guntayen samfur daga shagunan biyu, mai duhu da mai haske irin kalar yashi ko toka toka, kyauta suke bayarwa ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A jera su a saman benen tun safe, ƙarfe 2 na rana ki kira shi ya cire takalmi ya tsaya akan na kofin ya ƙirga goma. Ni ban taɓa ganin wanda ya kai goman ba. Da yamma kuma ki ɗiga musu man girki da ɗan shayi ki barsu su kwana, da safe ki wanke da sabulu, ki kuma karce su da makulli, wanda ya fito fes shine naku. Sannan ko mai hasken kuka ɗauka a ware kuɗin rumfa, mazalla ko da ta yadi ce, ita ce zata sa ku mori wajen kuma ta ƙara wa allunan kwana.

Sai abin da ni kaina ya taɓa kunyata ni. Katakon gaske ruwa ke kumbura shi, wannan kuwa zafi ke miƙar da shi, kuma ta tsawo yake miƙewa. Allo mai mita 3 tsakanin sanyin asubar hunturu da tsakar ranar bazara yana iya ƙara kusan rabin santimita. Farkon shigowar kayan nan nayi wani aiki a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, can wajen Abhur a watan Janairu, na haɗa bakin alluna kam kam ba ko sararin da allura zata shiga don inaso mai wajen yaga aiki mai tsafta, ya yaba ya biya har da ƙarin na shayi. Watan Yuli sai ga waya, naje na tarar tsakiyar dandamalin ya tashi kamar tozon raƙumi, wasu sukurorin sun tsinke, yaran mutumin suna ta hawa suna tsalle akai suna dariya ni kuma gumi na keto min ba na zafin rana ba. Da kuɗina na sake aikin. Don haka ki sa ido, dole a bar sarari kamar milimita 5 tsakanin allo da allo, a bar wani a inda baki ya haɗu da baki, a jikin bango kuma a bar kamar santimita ɗaya, in da sanyi ake aikin a ƙara sararin tunda allon a tsuke yake. Kuma da ƙananan maƙalai ake kama shi ta gefe, waɗanda ke shiga cikin tsagin allon su barshi yana motsi, duk mai aikin da kikaga ya ɗauko ƙusa da guduma zai buga ta sama to bai san kayan ba.

Firam ɗin ƙasa kar a mayar da na katako, kuma kar a yarda da baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti, iskar gishirin Bahar Maliya cinye shi zatayi. Alminiyam za'a sa, tazarar sanda da sanda kar ta wuce santimita 40 in cikakke ne, in mai rami ne 30 zuwa 35, saboda shi wannan abin baya da ƙashin baya irin na katako, in tazarar tayi yawa zafi na dukanshi zai lotsa a tsakiya. Sukurori da maƙalai su zama na sitenles, in an samu mai lamba 316 yafi 304 jure gishiri. A ɗaga firam ɗin akan 'yan ƙafafun roba yadda ruwa da iska zasu wuce ta ƙasa, kuma dan Allah kar a bari kowa ya huda daɓen saman da dirila, akwai azil a ƙasa mai hana ruwa sauka cikin ɗakuna, in aka huda shi ba zaku sani ba sai ranar da akayi ruwa irin na Nuwamban 2022 kuga silin na zuba. A saitin magudanar ruwa kuma a bar allo ɗaya da za'a iya ɗagawa a share.

Wajen biya, yaron ya tambaya ko kuɗin da aka faɗa masa da harajin kashi 15 a ciki, da firam, da maƙalai, da kuɗin aiki, don sau da yawa kuɗin allo kaɗai ake faɗa sai an zo lissafi ido ya raina fata. Garantin shekara 10 ko 25 da zasu ambata a rubuta shi a jikin fatura, wato rasit, da sunan kayan, a kuma karanta ko ya haɗa da kwashewar kala. Ya ƙaro alluna biyu ko uku a ajiye a inuwa a kwance, bayan shekara biyu da wuya ku sake samun kalar sak.

Abu ɗaya da zaki yi ta faɗa da mutanen gida akai shine garwashi. Kaskon turaren wuta, gawayin shayi, murhun gashi, ƙwaya ɗaya in ta faɗo zata bar rami baƙi kuma wannan ba'a goge shi da sanfefa kamar katako, sai dai a canza allon. Ki tanadi faranti babba ko tayil guda biyu a ƙarƙashin kaskon.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni a Makka nake, ina da ɗan dandamali a tsakar gida katakon saman ya tsattsage amma na ƙasan da sauranshi. Bazai yiwu in shimfiɗa na robar akan tsohon ba in huta da kuɗin ɓallewa?

Wani ɗan uwa, daga Makka

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akan tsofaffin allunan kam a'a, zaka rufe iska ne ka tara wa gara abinci a inda bazaka ganta ba, kuma duk inda tsohon ya karkace sabon zai bi shi. Amma sandunan ƙasa zaka iya morarsu tunda Makka a bushe take ba kamar Jidda ba. Ka ɓalle na saman duka, ka bi sandunan ɗaya bayan ɗaya kana soka musu sukundireba musamman ta inda suka taɓa ƙasa da inda tsofaffin ƙusoshi suka shiga, wanda sukundireban ya shige cikinshi ba wahala ko kaga ƙasa ƙasa irin ta gara a jikinshi ka fitar da shi waje. Sauran ka auna tazararsu, in ta wuce santimita 40 ka ƙara sanda a tsakani, ka shafa musu maganin gara ka bari su bushe kafin a ɗora. Kala kuma abin da na gaya wa Hajiya ya shafe ka har ma yafi, zafin Makka kai ka fini saninshi.