Me ke sa kocin ƙwallon kwando ya daɗe a jami'a ɗaya a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare a Zariya, ina kuma horar da yara ƙwallon kwando. Na ji an ce a Amurka koci kan shekara arba'in a jami'a ɗaya. Ta ina suke farawa, kuma me ke riƙe su haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai waɗanda suka kai haka ba su da yawa. Akasarinsu daga ƙasa suke tasowa: mai tace bidiyon wasanni, mai shirya wa 'yan wasa tafiya da masauki, sannan mataimakin koci. Pat Summitt tana da shekara 22 aka ba ta ƙungiyar mata ta Jami'ar Tennessee a 1974, ita ke tuƙa motar 'yan wasa, ita ke wanke musu riguna. Kafin ta ajiye aiki a 2012 ta ci kofin ƙasa sau 8. Rena Wakama, wadda ta kai D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olympics ta Paris a 2024, ita ma da irin wannan hidimar ta fara a Kwalejin Manhattan.

Amma wanda ya fi amsa tambayarka shi ne Mike Krzyzewski. Ya yi wasa a makarantar sojoji ta West Point a ƙarƙashin koci Bob Knight, ya yi aikin soja, ya yi wa Knight mataimaki a Indiana, sannan ya koma West Point a matsayin babban koci a 1975. Jami'ar Duke ta ɗauke shi a 1980, farkon kuwa bai zo da daɗi ba. A shekaru uku na farko ya ci wasa 38, aka ci shi 47. Masu zuba wa jami'ar kuɗi suka yi masa ca, wai a sallame shi. Shugaban sashen wasanni, Tom Butters, ya toshe kunnensa, ya ma ƙara masa wa'adi a 1984.

Butters ya ga abin da 'yan kallo ba su gani ba. A jami'a ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Koci ne ke bin wasannin sakandare gari-gari, ya shiga gidan yaro, ya zauna da uwa da uba a falo, ya sa su yarda su ba shi amanar ɗansu. Wannan zawarcin shi ne rabin aikin, a ganina ma ya fi rabi. Yaran da Krzyzewski ya kawo a 1982, irin su Johnny Dawkins da Jay Bilas, su ne suka sha kashi a shekararsu ta farko, su ne kuma suka kai Duke wasan ƙarshe a 1986. Daga nan kofi ya zo a 1991, 1992, 2001, 2010 da 2015. Ya yi ritaya a 2022 da nasara 1,202 jimilla, har da na West Point, bayan shekara 42 a Duke. Ƙungiyar Lakers ta gasar ƙwararru ta NBA ta neme shi a 2004, ya ƙi tafiya.

Sai dai kada ka auna yau da mudun jiya. Tun 2021 an halatta wa ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, an kuma sauƙaƙa masa komawa wata jami'ar ba tare da ya zauna shekara guda ba ya wasa ba. Hakkin yaran ne, don sun daɗe suna tara wa jami'o'i kuɗi hannunsu wayam. Amma ga koci, yaron da ya raina bana yana iya tashi baɗi, dole kowace shekara ya sake zawarcin 'yan wasansa na gida. A wannan tsakanin manyan koci-koci suka riƙa sauka: Roy Williams na Jami'ar North Carolina ya ajiye aiki a 2021, Jay Wright na Jami'ar Villanova a 2022. Tony Bennett, wanda ya ciyo wa Jami'ar Virginia kofi a 2019, ya sauka a watan Oktoban 2024 yana da shekara 55, ana saura 'yan makonni a fara kakar wasa. Da bakinsa ya ce shi ba kocin da ya dace da wannan sabon yanayin ba ne.