Auna ƙarfin na'urar neman agaji ta jirgin sama

Malam, ka tambaya ko jin kukan na'urar ELT, wato na'urar da ke aika saƙon neman agaji idan jirgin sama ya yi haɗari, a ƙaramar rediyo, kamar yadda kuke yi a ma'ajiyar jiragenku ta Ikeja, ya isa shaidar cewa ƙarfinta ya cika. Bai isa ba. Abin da kukan ke nunawa kawai shi ne eriya tana fitar da sigina a kan megahaz 121.5, alhali tun ranar 1 ga Fabrairun 2009 taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat, masu kama saƙon neman agaji su isar wa masu ceto, suka daina sauraron wannan zango, suka koma kan 406.

A zangon 406 ana bukatar kimanin wat 5, kuma saƙon yana fita ne na kusan rabin daƙiƙa a duk bayan daƙiƙa 50, shi ya sa ma'aunin wat na yau da kullum ba ya iya kama shi daidai. Sai an cire wayar eriya, an haɗa na'urar da ma'aunin da aka ƙera domin wannan aiki ta hanyar lodi mai om 50, wato abin da ke shanye siginar a madadin eriya, domin kada saƙon ya kai sama a tashi masu ceto a banza, wanda a ganina shi ne kuskure mafi muni.

Bayan haka a duba mahaɗin wayar eriyar da kyau, domin danshi da iskar teku ta Legas suna cin ƙarfe, kuma tsatsa a mahaɗi tana rage ƙarfin da ke isa eriya ko da batir sabo ne.