Me ya sa manyan kamfanoni ke kai ɗakunan bincikensu wasu ƙasashe suna tsallake mu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Daura. Ina yawan jin cewa manyan kamfanonin duniya suna gina cibiyoyin bincike a Indiya da Sin, har ma da Kenya da Gana. Me suke nema a can wanda babu shi a ƙasashensu? Kuma tun da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina mana Jami'ar Sufuri a garin nan, za mu iya sa ran irin waɗannan cibiyoyi su zo Jihar Katsina, ɗalibanmu su samu abin yi? Daga wani mai karatu, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a koyarwarka. Babban abin da kamfanonin nan ke bi shi ne mutane masu ilimi. A 1985 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya buɗe cibiyarsa a birnin Bangalo na Indiya, a 2000 kuma General Electric ya kafa katafariyar cibiyar bincike a wannan birni. Ba su je can da ka ba, domin tun 1909 akwai babbar cibiyar koyar da kimiyya ta Indiya a Bangalo, kuma daga 1951 ƙasar ta shiga kafa manyan makarantun fasaha da ke yaye injiniyoyi masu ƙwarewa, waɗanda albashinsu bai kai na takwarorinsu na Amurka ba. Sai dai kada a ɗauka araha ce kaɗai ke ja. Tun 1956 kamfanin kwamfuta na IBM yake da ɗakin bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan, inda rayuwa ke da ɗan karen tsada, kuma masanan wannan ɗaki ne suka karɓi kyautar Nobel a fannin fiziks a 1986 da kuma 1987.

Dalili na biyu shi ne kasuwa, domin kayan da aka tsara wa mutumin Turai ba lalle ne su dace da zafinmu da abincinmu da aljihunmu ba. Shi ya sa Nestlé ya buɗe cibiyar bincike a Abijan ta Kwaddibuwa a 2009, ana nazarin rogo da gero da dawa da koko. IBM ya buɗe ɗakin bincike a Nairobi ta Kenya a 2013, Google kuma ya buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira a Akara ta Gana a 2019, inda aka yi aikin fitar da taswirar gine-ginen Afirka daga hotunan tauraron ɗan adam. Akwai kuma rangwamen haraji da gwamnatoci ke yi wa kamfanoni, amma wannan ƙarin armashi ne kawai.

Ina so ka riƙe cewa wannan harka kasuwanci ce tsantsa. Abin da masanan gida suka gano a irin wannan cibiya, yawanci haƙƙin mallakarsa na kamfanin ne, kuma ranar da lissafi ya juya masa zai tattara komatsansa. Mun gani a gida. A 2019 Microsoft ya ba da sanarwar zuba dala miliyan 100 cikin shekara biyar a cibiyoyinsa na Nairobi da Legas, amma a 2024 ya rufe ta Legas, ya bar ta Nairobi. Abin da ya rage wa Najeriya shi ne injiniyoyin da suka goge a wurin, kuma a ganina wannan ce ribar da ƙasa ke iya riƙewa, idan ta samar musu dalilin zama, ba su bi jirgi sun tafi ba.

Wajibi ne kuma mu bambanta kafa ɗakin bincike da zuwa yin gwaji a kan jama'a, kuma mu 'yan Arewa muna da dalilin kula da wannan fiye da kowa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani nazari da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce sanadi, iyaye kuma suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Illar abin ta wuce waɗannan iyalai, don ta shiga cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka guji rigakafin shan inna daga baya.

Game da Daura, jami'ar da aka aza harsashinta a 2019 alheri ce babba, amma gina azuzuwa daban, kamfani ya kawo masanansa da na'urorinsa su zauna suna bincike daban. Wannan na biyun yana buƙatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, domin ɗauke wuta na awa guda kan lalata gwajin da aka yi watanni ana yi, yana buƙatar intanet mai ƙarfi, sannan yana buƙatar tsaro. Babu kamfanin da zai tura masani gonar gwaji alhali manoman Faskari da Batsari da Jibiya kansu suna shiga gonakinsu da fargaba.

Duk da haka ina ganin ƙofarmu tana nan, kuma ta noma ce. Ba na sa ran mu ƙwace wa Bangalo aikin manhajar kwamfuta nan kusa, amma auduga da dawa da gero da riɗi namu ne. Audugar ƙasar Funtuwa ce ta sa Turawa suka kafa injin gurza a can tun zamanin mulkin mallaka, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda asalinta ya koma 1922, ta daɗe tana fitar da ingantattun irin auduga da dawa. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha sun koma ga dawa, dole ta sa suka kashe kuɗi wajen nazarin yadda za a sarrafa ta. Kamfanin iri ko na abinci da ke neman shukar da ke jure fari ba zai samu wurin gwaji da ya fi arewacin Katsina ba. Haka nan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina zai kawo tambayoyin da sai a nan za a amsa su, kamar yadda za a kare layi daga rairayi da zafin rana.

Abin da ya kamata gwamnatin jiha da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsinma da ta Daura su yi shi ne su shiga kowace tattaunawa da sharuɗɗansu a rubuce: a ɗauki masanan gida a muƙaman da ake yanke shawara, ɗaliban digiri na biyu da na uku su yi aikinsu a cikin ɗakin, a fayyace rabon jami'a a haƙƙin mallakar abin da aka gano, na'urori kuma su zama na jami'a idan kamfani ya tashi. Hukumar NOTAP, wadda ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha, ita ce ya kamata ta duba irin waɗannan takardu kafin a sa hannu. Kai kuma Malam, ɗalibin da kamfani zai nema nan da shekara goma yana ajinka yanzu, saboda haka ka matsa wa hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai a gyara ɗakin gwaje-gwaje, yara su riƙa auna abu da hannunsu tun kafin jarrabawar fita.