Tambayoyinku Kan Fasaha: Manhajar Riƙe Abokan Ciniki a Kantin Magani

Wasiƙun wannan mako duka daga masu sana'ar magani suka fito, kuma duka a kan abu guda suke, wato manhajar da ke tara wa mai saye maki domin ya riƙa dawowa kanti ɗaya. Na haɗa su wuri guda, na fara da wadda ta fi tayar mini da hankali.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kantin magani mai rajista a Kano, shekarata takwas ina gudanar da shi. Kwanan nan wani babban kanti mai rassa da yawa ya buɗe kusa da ni, yana ba masu saye katin tara maki, kuma na ga wasu tsofaffin abokan cinikina sun fara komawa can. Wani matashi ya kawo mini manhajar da ke ajiye sunan mai saye da lambar wayarsa da duk maganin da ya taɓa saya, sannan idan maganin ya kusa ƙarewa sai ta aika masa saƙon tunatarwa ɗauke da sunan maganin. Ana biyan kuɗinta duk wata da dala. Shin in karɓa? Daga wani mai kantin magani, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da kake son yi ba baƙo ba ne a kasuwar Bahaushe, domin tun kafin a san waya mai awo yana yi wa wanda ya saba saye a wurinsa gyara, mai nama kuma yana ɗora tsoka guda a kan abin da aka saya. Manhajar tara maki gyara ce da aka mayar lissafi, saboda haka ban ga laifin neman ta ba. Amma wannan da aka kawo maka, a yadda ka siffanta ta, shawarata ita ce kada ka karɓa sai an sauya mata hali, kuma zan yi dogon bayani domin wannan kuskure ne da nake gani yana yawaita.

Ka tsaya ka yi tunanin saƙon nan da ya burge ka. A gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Miji yana ɗaukar ta matarsa, yara suna wasa da ta mahaifinsu, akwai matan da lambar miji ko ta ƙane suke bayarwa idan an tambaye su lamba, kuma saƙo yana bayyana a fuskar waya ko da tana kulle. To, a cikin wannan hali ne za ka aika saƙon da ke cewa wance maganinki kaza ya kusa ƙarewa? Idan maganin farfaɗiya ne fa, ko na taɓin hankali, ko na tazarar haihuwa, ko na cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa? Sunan magani shi ne sunan ciwo, duk wanda ya iya karatu zai iya bincikawa ya gane cikin minti guda. Matar da ta tsallake kantuna uku ta zo wurinka ta yi hakan ne domin ta yarda bakinka zai yi shiru, kuma ba zai yiwu kai ka yi shiru sannan ka biya kuɗi duk wata domin na'ura ta yi magana a madadinka ba. Irin wannan saƙo yana iya kashe aure, yana iya hana yarinya miji, kuma ranar da hakan ta faru ba za a ambaci sunan matashin da ya kawo manhajar ba, sunan kantinka unguwa za ta riƙe.

Bayan amana akwai doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, wato NDPC. Dokar ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri, tare da addini da ƙabila da makamantansu, ta tsananta sharuɗɗan tattara su, ta ba mutum damar janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Kai da ka karɓi lambar ka shigar, kai ne mai alhakin farko. Wannan kuwa ƙari ne a kan nauyin riƙe sirrin majinyaci da ke wuyanka a matsayinka na wanda Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ta ba lasisi.

Saboda haka ka kira matashin nan ka zaunar da shi, kada ka bari ya rufe ka da nuna maka launuka da zane-zanen ciniki a fuskar waya, domin na lura mutanenmu da zarar sun ga jadawali mai hawa da sauka sai su manta abin da ya kawo su. Ka tambaye shi a kwamfutar wa bayanan suke zama, a wace ƙasa, kuma mutum nawa ne a kamfaninsu ke iya buɗe su. Ka tambaye shi ko za a iya raba lissafin maki da tarihin magani, ta yadda ɓangaren maki ba zai san komai ba sai suna da lamba da jimillar kuɗin da aka kashe. Ka nemi ya nuna maka a gabanka yadda kowane yaron kanti zai sami nasa mabuɗin shiga, da yadda za a hana su ganin jerin masu saye gaba ɗaya, domin yaron da zai bar aiki gobe yana iya fita da lambobin matan unguwa dubu a aljihunsa idan kowa da kalmar sirri guda yake shiga. Ka sa ya goge mai saye ɗaya kana kallo. Daga nan ka nemi ya fitar maka da dukan jerin zuwa fayil ɗin CSV, wato fayil mai jera bayanai layi-layi, da za ka iya buɗewa a manhajar Excel, kuma idan ya fara kame-kame a kan wannan, to ka sallame shi da mutunci, domin manhajar da ba ta barin ka fita da bayananka jinginar da abokan cinikinka ka yi a hannun wani. Ni dai al'adata, kuma ba na gajiya da faɗar ta a wannan fili, ita ce a fitar da irin wannan fayil duk ranar Juma'a, a kulle shi da kalmar sirri, a ajiye shi a wurin da ba wayar kanti ba.

Tunatarwa kanta abu ne mai amfani, musamman ga masu hawan jini da ciwon sukari waɗanda yanke magani ke jefa su cikin haɗari. A yi ta ga wanda ya nema da bakinsa, a lambar da ya tabbatar tasa ce shi kaɗai, kuma saƙon ya tsaya a kan cewa kantin wane yana gaishe ka, lokacin ziyararka ya yi. Wanda aka aika wa ya san abin da ake nufi, wanda ya leƙa kuma bai ƙaru da komai ba.

Sauran abu guda da masu sayar da manhaja ba sa tunawa, domin su da kantin magani da shagon sayar da takalma duk ɗaya ne a wurinsu. Maki kira ne ga mutum ya ƙara saye, kuma akwai kayan da bai halatta ka kira kowa ya ƙara saya ba. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa matasa da matan aure a arewa har gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018, muka kuma ga ɓarnar tiramol, bai kamata a tuna mana wannan ba. Haka nan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda shan su barkatai ke sa su daina aiki. Har madarar jarirai ta gwangwani ka cire, domin ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallar abin da ke maye gurbin nonon uwa ta hana rangwame da kyaututtukan jan ciniki a kanta, kuma NAFDAC ce ke sa ido a kan hakan a ƙasar nan. Don haka manhajar da za ka ɗauka dole ta ba ka damar ware kaya rukuni-rukuni, ka bar maki a kan sabulu da man shafawa da kunzugun yara da man goge baki da na'urar awon jini, ka kashe shi a kan duk abin da sai da takardar likita ake bayarwa. Wadda ba ta iya wannan ba a yi ta domin sana'arka ba.

Game da biya da dala, ka tuna a farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin 2024 ta yi nisa ta haura naira 1,500. Ka nemi farashi da naira a rubuce na shekara guda. Makin kuma ka fara da kashi 1 cikin 100, wato naira 100 a kan cinikin naira 10,000, ka gwada da mutum 30 na tsawon wata guda kafin ka shelanta wa unguwa.

TAMBAYA: Ɗana da ke karatu a Ingila ya ce in yi amfani da manhajar ciniki ta Square, wai ita ce ake yayi a can. Na nema na kasa yin rajista. Daga wata Hajiya mai kantin magani, Kaduna.

AMSA: Hajiya, ba laifin wayarki ba ne, kamfanin ba ya aiki a Najeriya, kuma da ɗan naki ya duba da bai sa ki wannan wahala ba. Ki gwada Loyverse, wadda ke aiki a wayar Android, tana da tsarin tara maki a ciki, kuma ainihin manhajar kyauta ce, sai wasu ƙarin ayyuka ne ake biya. Ba domin kantin magani aka gina ta ba, saboda haka sharuɗɗan da na lissafa wa mai tambaya ta farko suna kanki ke ma.

TAMBAYA: Ni ban ga amfanin wata manhaja ba. Na buɗe zauren WhatsApp na zuba duk abokan cinikina a ciki, ina sanar da su sabbin kaya. Akwai matsala? Daga wani mai kanti, Gusau.

AMSA: Akwai babba, Alhaji. Ka tara marasa lafiyar unguwa a ɗaki guda ka kunna fitila, kowa yana ganin lambar kowa, kuma ba da jimawa ba wani zai rubuta tambayar da ya so ya yi maka a asirce ta faɗa gaban mutum ɗari biyu. Ka rushe zauren yau. Ka sa WhatsApp Business a wayar da ta kanti ce kawai, ka yi amfani da jerin aika saƙo ga mutane da yawa, wanda ke ɗaukar lamba 256 kuma kowa shi kaɗai yake karɓar nasa, da sharaɗin ya ajiye lambarka a wayarsa. Ka kunna kariyar mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke hana wani ƙwace maka asusun, kuma ka guji tallar magunguna a can, domin ƙa'idojin kasuwanci na kamfanin sun tsananta a kansu kuma ana rufe lamba a kan haka.

TAMBAYA: Manhajata tana nuna an aika saƙon maki, amma da yawa daga cikin masu saye sun ce bai iso musu ba. Daga Bauchi.

AMSA: Mai yiwuwa sun toshe saƙonnin talla ne ta lambar 2442 da hukumar sadarwa ta NCC ta tanada, kuma haƙƙinsu ne, kada ka matsa musu su buɗe. Ka sa a riƙa buga jimillar makin a ƙasan rasit, ka huta da kuɗin saƙo.

TAMBAYA: Mai sayar da manhaja ya rantse mini tana aiki ko babu sabis. Yaya zan tabbatar? Daga Funtuwa.

AMSA: Ba a gwada manhaja da rantsuwa. Ka kashe data da sauran hanyoyin intanet na wayar, ka yi ciniki, ka gwada shigar da sabon mai saye, ka gwada cire maki, sannan ka kunna ka duba ko lissafin ya daidaita. Da yawa suna karɓar ciniki babu intanet amma su ƙi rajistar sabon mutum, don haka ka san wannan tun kafin layi ya taru a gabanka.

TAMBAYA: Ƙaramin kemis gare ni a ƙauye, yawancin masu saye ba su da babbar waya. Wace manhaja ce ta dace da ni? Daga wajen Haɗeja.

AMSA: Babu ko ɗaya, ɗan'uwa. Ka je wurin mai buga takardu ya yi maka ƙananan katuna masu gida goma, ka sa a sassaƙa maka hatimi mai sunan shagonka, duk wanda ya sayi sabulu ko man shafawa ko kayan jarirai na adadin da ka yanka ka buga masa gida ɗaya, idan ya cika goma ka yi masa gyara. Katin ya zauna a hannunsa, kuma kada ka rubuta sunan kowane magani a jikinsa.