Ƙanena ya nemi kwangila a inda nake aiki, yaya zan yi?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina cikin kwamitin tantance 'yan kwangila a wani asibitin gwamnatin tarayya. An tallata aikin kawo gadaje, sai ga kamfanin ƙanena cikin masu nema. Ba ni da ko kwabo a kamfanin, kuma na tabbata zai yi aiki mai kyau. Akwai laifi in na zauna na yi aikina tsakani da Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka zauna. Doka ba ta jiran sai an kama ka da son kai, zaman kansa shi ne matsalar. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati sa kansa a inda buƙatarsa za ta ci karo da aikin da aka damƙa masa. Sashe na 19 na dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta 2000 kuma ya ambaci dangi ƙarara: wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya fifita ɗan'uwansa, ɗaurin shekara 5 ne ba zaɓin tara.

Tun kafin a buɗe takardun neman kwangilar, ka rubuta wa shugaban kwamitin cewa mai kamfani kaza ƙanenka ne, ka nemi a cire ka daga wannan aikin. A rubuce, da kwanan wata, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Faɗa da baki ba ya tsaya wa kowa ranar bincike. Ka tabbatar an sa janyewarka a bayanan taron.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne janyewar rabi da rabi. Mutum zai fita ranar ba da maki, alhali shi ya tsara irin gadon da ake so, tsawonsa da ƙarfensa, daidai da abin da ke ajiye a shagon ɗan'uwansa. Ko ya ga ƙiyasin kuɗin aikin, maganar ta suɓuce masa a gida wajen cin tuwo. Ai an gama komai tun daga nan. In ka riga ka sa hannu a tsara sharuɗɗan, ko ka san ƙiyasin, ka faɗi hakan a takardarka, kwamitin ya yanke ko kamfanin zai ci gaba da takara.

Shi ma ƙanen naka yana da nasa nauyin. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta wajabta wa mai nema ya haɗa da takardar rantsuwa kan ko wani jami'in kwamitocin hukumar da ke ba da aikin darakta ne a kamfanin, ko ya taɓa zama, ko yana da hannun jari. Ka bincika rajistar kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin sau da yawa a gidajenmu ana sa sunan yaya a matsayin darakta lokacin buɗe kamfani, shi kuwa ya manta. In sunanka na ciki, magana ta ƙara nauyi. Kamfanin da aka samu da karya dokar ana iya hana shi kwangilar gwamnatin tarayya aƙalla shekara 5, ga tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.