Wai gurasa tamu ce?

Ke kishiyata, sau biyu na sa aka kunna mini saƙonki. Na yi dariya, can kuma jikina ya yi sanyi. Wai gurasa Hausa ce ko Larabci, kuma in kin gasa ta a abin lantarkin nan naki ta amsa sunanta? Aure saura wata biyu, yanzu kike tambaya!

Mu dai a Bauchi masa muka tashi muka tarar, wadda dangin mijinki Kanawa za su ce miki waina. Gurasa ban san ta ba sai 1973, shekarar da naira ta zo, da muka raka amarya Kano ta hanyar Ningi. Da asuba Goggo ta ja ni Jakara sayo ta baƙi. Na ga mace tsaye kan tanderu, tukunyar yumɓu ta yi jawur ciki, ta ɗebo ƙullin alkama ta faɗaɗa a tafi, ta zura hannu har kafaɗa ta manna a jikin tukunyar. Ko gezau. Ni da rawar kai na ce ai ba wuya. Ta miƙo mini. Ƙullin ya faɗa garwashi, ni na faɗa bayan Goggo ina ihu, mata suna ta shewa wai Bausawa sai tanda. Tabon yana nan a gwiwar hannuna. Ladar kuka aka ba ni bandashe, an yayyafa mata ruwa, ga ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, albasa da yaji.

Kakanki, Allah ya ji ƙansa, yakan ce abinci da guzurinsa yake zuwa, sunansa ne guzurin. Gurasa daga ƙurs take, abu mai kewaye a Larabci. Alkama alƙamhu ce, tanderu tannur, alkubus kuwa alkhubzu, ko da yake mu turara shi muke yi. Baffansa da ya je Makka ta ƙasa ya ce a Sudan ma ya ci gurrasa, sai dai tasu a faranti ake yi bisa wuta, a zuba mata miya.

Ku yanzu komai fulawa da yis da sukari, ku danna maɓalli ku koma waya. Goggo takan ce wuta ta san hannun da ke tsoronta. Ban hana ki lantarkinki ba, amma kada ki fara kai wa uwar mijinki. Ki zo ranar Asabar da shinkafar tuwo mudu biyu, mu fara da masa tukuna.