Shin inzayim "kanwa uwar gami" ne?

Tambaya: Malam, ina fassara darasi kan inzayim ɗin da ake kira metiyonin sintes. Zan iya kiransa "kanwa uwar gami"?

Amsa: 'Yata, kin kusa, amma ba ki kai ba. Gami shi ne haɗa abu da abu, kuma Bahaushe ya fi jefa wannan kirari ga mai haɗa husuma. Ban da haka, kanwar da aka jefa a tukunyar wake narkewa take yi, ba a tsamo ta. Inzayim kuwa, wato sinadarin da ke hanzarta sauya wani abu zuwa wani a cikin jiki, yana gama aiki ya fito yadda ya shiga, ya kama wani. Sunan ma daga Girkanci yake, ma'anarsa "cikin yisti", kuma Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya raɗa shi a shekarun 1870.

Ni da "dillali" zan kira shi. Hajar da yake dillanci ita ce metil, wato ƙwayar kabon 1 da haidurojin 3. Yana karɓo ta daga folet, wato bitamin B9, ya ɗora wa bitamin B12 da ke riƙe a jikinsa, sannan ya miƙa wa wani sinadarin jiki mai suna homosistin, nan take shi homosistin ɗin ya zama metiyonin, ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin. Daga metiyonin jiki ke ƙera sinadarin SAM, mai raba metil ga DNA da furotin da sauransu.

In karin magana kike nema, ki duba abin da ke faruwa idan B12 ya yi ƙaranci. Dillali ya tsaya cak. Folet ya riga ya ɗauki metil, ba mai sauke masa, kuma ba ya iya komawa siffarsa ta baya. Sai ya taru jingim alhali ƙwayoyin jiki na neman wanda za su gina DNA da shi: ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Homosistin ya hau, jajayen ƙwayoyin jini su fito manya-manya amma kaɗan, jijiyoyi su fara lalacewa, ƙafa ta riƙa mutuwa.

A nan masu fassara ke tuntuɓe, su tara folet da B12 a ƙarƙashin "maganin ƙarin jini". Ki raba su. Folet na cikin alayyafo da wake. B12 kuwa sai hanta, nama, kifi, ƙwai da nono, kuma babba na buƙatar kimanin maikurogiram 2.4 a rana. Ƙwayar folik asid (wato folet na magani) kaɗai tana iya gyara jinin mai ƙarancin B12, jijiyoyinsa kuwa su ci gaba da lalacewa a ɓoye.